Gwangwanayen Motar Tsoho

"Mama, wannan ne mutumin da kika ce kansa ba daidai ba?"

Aku ce ta jefo tambayar daga bakin ƙofa, tana nuna baƙon da ɗan yatsa. Shekararta bakwai, kuma surutunta ne ya jawo mata wannan suna har na gaskiyar ya ɓace a gidan. Uwarta na tsaye da ƙaramin ɗanta a saɓe, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ke! Wuce ciki. Baba, ka yi haƙuri, yarinyar nan bakinta ba linzami."

Baƙon dattijo ne, gajere, da tabarau mai kaurin gindin kwalba, an ɗaure hannun tabarau ɗin ɗaya da waya. Bai nuna ya ji haushi ba. Sunkuyowa ma ya yi.

"Bar ta, 'yata. Ke 'yar baki, me ta ce daidai?"

"Cewa ta yi duk wanda zai fid da kuɗinsa ya sayi motar da ba rufi ba taya, a duba kansa."

"To ai bakinsu ɗaya da matata. Shekara arba'in tana faɗin haka, ni ban warke ba, ita ba ta gaji ba. Ina motar?"

Motar ta surukin Maman Aku ce, wanda kowa a gidan ke kira Tsoho. Irin ta dā ce, doguwa, mai rufin tamfol da ake naɗewa baya a sha iska. Tun kafin Maman Aku ta shigo gidan take zaune a gareji a kan bulo huɗu. Tsoho ya ce gyara ta zai yi, ya kama kwance ta a hankali, yau fitila, wata mai zuwa hannun ƙofa, shekara goma sha ɗaya yana kwancewa. Bai kai ga ɗaurawa ba rai ya yi halinsa. Ya bar gangar jiki da fentinta ya koɗe, da ƙarafan rufi a jingine da bango kamar haƙarƙarin saniya, da kanta uku cike da gwangwanayen madara, kowanne da notuna a ciki.

Maman Aku ba ta damu da motar ba sai da yaron ya fara rarrafe. Garejin ne kaɗai hanyar zuwa bayan gida inda take shanya, ba damar a rufe shi. Sati uku da suka wuce ta ajiye yaron, ta juya ta ɗauki kwandon wanki, ta waiwayo ta gan shi da kumatu a cike, ya yi irin shirun da uwa ba ta so. Ta sa yatsa ta zaƙulo noti, dogo, baƙi, duk yawu. Ba ta yi ihu ba. Ta wanke shi, ta jefa a kofi, ta ɗora a saman kabad, ta jira mijinta.

"Baban Aku, kafin yaron nan ya fara tafiya, motar nan ta bar gidan nan."

Mijin malamin makaranta ne, ko sifana bai iya riƙewa ba. Ya daɗe yana kallon cikin kofin. Ya ce ya yarda, amma ya yi wa Tsoho alkawari ba zai bari masu yanka ƙarfe su daddatsa ta ba, sai dai a ba wanda zai tashe ta. Suka sa talla a waya. Mutum biyu suka zo, dukansu nauyinta suka fara tambaya, mijin ya raka su ƙofa. Na uku shi ne wannan Mai Tabarau, tsohon makanike, wanda ya yi tafiyar rabin yini. Yaron kuwa ya riga ya fara dafa kujera yana miƙewa.

Maman Aku tela ce, ta san ba a miƙa wa mai saye riga da zare na reto. Saboda haka jiya, mijin na makaranta, ta ɗaura ɗamara ta shiga garejin. Ta kore yana, ta kwashe kashin ɓera, ta goge motar da tsumma. Gwangwanayen nan hamsin da uku kuwa, masu ƙura da tsatsa, ta juye su kaf a bokiti ɗaya mai marfi, ta wanke notunan da kananzir, ta zuba gwangwanayen a buhu ta kai bakin bola. Ta kwana tana jin daɗin kanta.

Mai Tabarau ya tsaya a ƙofar garejin ya ƙare wa motar kallo. Sannan ya zaro wani abu a aljihu, naɗe a hankici, ya shiga bin jikin motar da shi a hankali kamar likita.

"Mene ne wannan?" in ji Aku, wadda ba ta wuce ciki ba, kuma ba ta da niyya.

"Maganaɗisu. Tambayarta nake ko ƙarfenta na nan. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki, wani ya cike rami da ƙwaɓi ya shafa fenti, ya yi wa mutane ƙarya."

"Ta yi ƙarya?"

"Har yanzu dai ba ta yi ba."

Maman Aku ta matso ba ta sani ba. Shekara takwas tana wuce motar nan da kwandon wanki, ba ta taɓa tunanin ana iya yi mata tambaya ta amsa ba. Dattijon ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da tocila, ƙafafunsa kaɗai a waje. Ta kafa wa bulon nan ido don kada ya goce, ta riƙe wuyan rigar Aku gam. Ya fito da ƙura a gemu, ya buɗe boneti, ya zaro sandar auna mai ya sansana. Ya ɗora babbar sifana a gaban injin ya danna da ƙarfinsa. Wani abu a ciki ya yi nishi, ya juya.

"Kai! Bai daskare ba. Ɗana, mahaifinka yana zuba mata mai ta ramukan fulogi?"

"Duk wata," in ji Baban Aku. "Da cokalin shayi. Mahaifiyarmu har ta rasu tana neman cokalin nan."

"Allah ya ji ƙansa. Ya san abin da yake yi." Ya goge hannu. "Ina yaron gareji aka taɓa kawo irinta. Mai ita ya saki wani maƙale, rufin ya tashi ya naɗe kansa kamar tsuntsu zai sauka. Maigidana bai bar ni na taɓa ba, wai hannuna da dauɗa. Tun ranar nake son ganin yadda aka haɗa shi."

Ya juya wajen kantocin. Suna nan tas, sai ƙyalli. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ina gwangwanayen?"

"Wa ya gaya maka akwai gwangwanaye, Baba?" in ji Maman Aku da mamaki.

"Mutumin da ke ba injin mai da cokali ba ya zubar da noti a ƙasa. Ko gwangwani, ko kwalba, ko ambulan. Ina suke?"

Ta miƙa wa mijinta yaron, ta janyo bokitin da hannu biyu, ta buɗe marfin da fara'a.

"Ga su nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Na wanke maka su, na haɗa wuri ɗaya don sauƙin ɗauka."

Sai a lokacin Baban Aku ya lura da kantocin. Fuskarsa ta canja.

"Maman Aku, me kika yi? Mu da muka tashi a gidan nan, ko matsar da gwangwani ɗaya ba mu isa ba."

"Ai ka san inda na ciro ɗaya daga cikinsu," ta ce a hankali. 

Mai Tabarau ya tsugunna ya nutsa hannu a bokitin, ya ɗebo, ya bari suna zuba ta tsakanin yatsunsa. Ya zaɓo biyu ya miƙa mata.

"Duba, 'yata. Ɗaya ne?"

Ta juya su a tafin hannu. Idon tela ne da ita. "A'a. Wannan wuyansa ya fi tsawo kaɗan."

"Madalla. Na injin da na ƙofofi ban damu ba, ko ido a rufe na san su. Na rufin ne. Gaɓa ta fi talatin a jikinsa, kowace da nata noti, kowane noti da tsawon wuyansa. Ki sa na gwiwar hagu a kafaɗar dama, zai shiga lafiya lau. Ran da aka ɗaga rufin sai ya cije, ƙarfen ya lanƙwashe, kuma ba inda ake sayar da wani. Shi ya sa Tsohonku ya raba su. Gwangwanayen nan su ne taswirar." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Da ina da idon shekara talatin, da na zauna na tsince. Yanzu ba zan iya ba. Ku yi haƙuri."

Maman Aku ta tsaya tana kallon bokitin. In wannan ya tafi, sai masu tambayar nauyi, su kuma mijinta ba zai ba su ba. Motar za ta ci gaba da zama a kan bulo, yaron kuma ba zai jira kowa ba.

"Da ma gwangwanayen na nan ne," in ji dattijon, yana naɗe maganaɗisunsa. "Ko babu komai a ciki, suna magana."

"Masu kwashe shara sun zo da safe," ta ce.

"Mama," in ji Aku. "In na faɗi wani abu za ki yi faɗa?"

"Faɗi."

"Sai kin ce ba za ki yi ba."

"Aku, ina ƙirga uku."

Yarinyar ta zagaya bayan motar, ta sa yatsa a wani rami inda makulli ya kamata ya kasance, ta ɗaga but ɗin da gwaninta irin ta wanda ya saba. Ga buhun nan a ciki, tare da 'yar tsana, da murafun kwalabe, da wani cokalin shayi da ya yi baƙi.

"Shagona ne. Kayan shago na ɗauko."

"Nan kike shiga? Cikin nan? Da marfin nan a kanki?" Muryar Maman Aku ta tashi. "Tun yaushe?"

"Kin ce ba za ki yi faɗa ba."

"Ban ce ba!"

Baban Aku dai cokalin ya ɗauka yana juyawa, ya rasa ko dariya zai yi ko me. Mai Tabarau ya riga ya zazzage buhun. A kan kowane marfi akwai filasta da rubutun Tsoho, ƙanana kamar tururuwa. Ya ware waɗanda aka rubuta wa rufi, goma sha huɗu. Ya buɗe ɗaya ya haska tocila a ciki ya miƙa mata.

"Me kika gani?"

A gindin gwangwanin akwai zane na tsatsa. Notuna uku sun kwanta a nan shekara da shekaru har sun bar siffarsu, kai da wuya da tsawo, kamar sawun ƙafa a laka.

"Rubutun ya gaya miki wurin da adadin," in ji shi. "Tsatsar ta gaya miki kamannin. Sauran aikin ido ne da haƙuri."

"Kwana nawa za ka ba ni, Baba?"

Ya kalle ta ta saman tabarau. "Ke za ki yi?"

"Ni na zuba su. Kuma na taɓa raba maɓallan riga gwangwani guda da yarinyar nan ta haɗa mini."

"Sati ɗaya. In rufin ya tashi, in tafi da ita. In ya cije, kowa ya riƙe nasa."

Ran nan da yamma ta sa kafinta ya buga wa but ɗin kwaɗo. Washegari ta ture keken ɗinki gefe, ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta kafa doka: ba a buɗe bokiti sai yaro ya yi barcin rana, kuma duk abin da ya fito a ƙirge yake komawa a ƙirge. Aku in ta dawo makaranta ita ce mai karanta marfi.

"Rufi, hagu, gwiwa ta biyu, uku. Mama, mota tana da gwiwa?"

"Ga ta nan kuwa. Miƙo."

Ranar farko notuna huɗu kacal ta mayar, kanta na sarawa. Ta gane cewa ido kaɗai ba zai yi ba. Ta ɗauko takardar da take yanka samfurin riga, ta danna a gindin kowane gwangwani, tsatsar ta fito a jiki, ta auna da tef ɗin awo ta rubuta. Daga nan aiki ya fara gudu. Wanda ta yi shakka, sai ta kai shi gareji ta gwada a raminsa, ta motsa gaɓar ta ji ko tana wasa ko tana cijewa.

A nan ne abin ya kama ta. Ta ga yadda ƙarfe ɗaya ke jan biyu, biyun su tura na huɗu, kamar yadda hannun riga ke bin kafaɗa in an yanka shi daidai. Ran Laraba mijin ya dawo ya same ta tsugune gaban ƙarafan, baƙin mai har goshi.

"Sannu, makanike. A duba kan wa yanzu?"

"Riƙe mini nan, ka bar surutu. Ka san mahaifinka ya rubuta 'kada a matse' a kan guda biyu? Me ya sa?"

"Ni na sani? Ni dai tocila nake riƙe masa."

"Shekara goma sha ɗaya kana riƙe tocila ba ka tambaya ba?"

Ran Juma'a yaron ya saki kujera ya tsaya shi kaɗai na ɗan lokaci kafin ya zauna daɓas. Aku ta yi tafi. Maman Aku ta yi murmushi, ta koma kan tebur da sauri.

Mai Tabarau ya dawo ran da ya ce, da janwe a bayansa. Ya tarar da gwangwanaye goma sha huɗu a jere. Bai yabe ta ba. Ya tuɓe riga, ya sa mijin da direban janwe suka ɗora ƙarafan a mazauninsu, ya shiga ɗaurawa, yana kiran wuri, Aku na karantawa, uwarta na miƙawa. Sau ɗaya ya juya wani noti ya ce, "Anya?" Ta ce, "Gwada." Ya gwada, notin ya zauna daidai. Da suka zo kan masu "kada a matse" ta tambaye shi dalili.

"Nan ne rufin ke numfashi. In kin matse, ya shaƙe."

Rana ta take tsaka suka kai gwangwani na ƙarshe. Aku ta karanta: "Rufi, maƙalen gaba, biyu." Dattijon ya juye a hannu. Guda ɗaya ne kawai a ciki.

"Na bi bokitin nan sau uku, Baba," in ji Maman Aku. "Babu irinsa."

"In babu shi kuwa rufin ba zai kulle ba. Iska ɗaya ta ɗauke shi."

Ta tsaya tana kallon notin da ke hannunsa. Dogo, baƙi. Ta san shi. Ta juya ta shige gida, ta taka kujera, ta sauko da kofin daga saman kabad.

"Ina kika samo shi?" in ji dattijon.

"A bakin wancan." Ta nuna yaron, wanda ke hannun ubansa yana tsotsar yatsa.

"To ka gani, abokina, har da kai a aikin. Amma kada ka ƙara."

Ya ɗaura. Ya ce kowa ya matsa baya, sannan ya tsaya, ya kalli Maman Aku.

"Zo ki ɗaga, 'yata. Ni an hana ni ina yaro, na san zafin."

Ta kama ƙarfen gaba da hannu biyu ta ja. Da farko ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Sai gwiwar hagu ta miƙe, ta dama ta bi ta, haƙarƙarin ya buɗe ɗaya bayan ɗaya ya rufe kan kujerun, maƙalen ya faɗa wurinsa da ɗan ƙas. Babu tamfol a kai, ƙarfe ne tsirara, ana hango silin ta ciki. Ta saki maƙalen ta tura baya, ya naɗe kansa ya kwanta.

"Sake!" in ji Aku.

Ta sake. Ba don Aku ba.

Ciniki bai ɗauki lokaci ba, mazan suka gama shi a tsaye. Baban Aku ya riƙe cokalin, ya ce wannan ba na sayarwa ba ne. Aka sa wa motar tayoyin aro, janwe ya ja ta a hankali, ta sauka daga bulon da ta yi shekaru a kai. Mai Tabarau ya rungumi kwalin gwangwanayen a cinyarsa, ya ƙi yarda a sa su a baya.

"In ta tashi zan kawo ta ku sha iska," ya ce ta taga.

Maman Aku ta ce, "Da bel ɗin ɗaure jiki a kujerar baya, Baba. In babu, ba mai shiga."

"Aku, kin ji uwarki ko? Ita da matata dai!"

Da suka ɓace a kwana ta ɗauko tsintsiya. Ta share garejin sau biyu, ta bi kowane lungu da maganaɗisun da dattijon ya bar mata, ta tsinci ƙananan ƙarafa uku da ido bai gani ba. Sannan ta ajiye yaron a tsakiyar filin. Ya kalli hagu, ya kalli dama, ya ga babu abin dafawa. Ya miƙe, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya sauke, ya ɗaga ɗayar.

Ke da ke karanta wannan, in wani tsoho ya bar muku tarkacensa a gwangwanaye, kada tsafta ta ruɗe ki ki juye su wuri ɗaya. Karanta marfin tukuna, ki ɗora su inda hannun yaro ba ya kaiwa, ki nemo wanda ya san su. Kuma duk ran da mai rarrafe ya yi miki shiru a bayanki, kada ki tsaya kiran sunansa. Ajiye abin da ke hannunki ki buɗe bakinsa.